Alhakin Karen da Dawa ta Ci Yana Wuyan Wa?

A ƙasar Zuru kare ma'aikaci ne. Daga Dabai zuwa Ribah, daga Mahuta zuwa Dirin Daji, za ka gan shi yana bin manomi gona da sassafe, yana kewaya garken Bafulatani, yana kwana a bakin rumbu, in kaka ta wuce ciyawa ta bushe kuma ya shiga gaban mafarauta zuwa gindin duwatsu. Mutanen birni masu karnukan Turai da ake fita da su shan iska da igiya a wuya ba su da yawa a nan, amma tambayar da ke damun irinsu a Amurka da Turai ita ce ke gaban mai karen Zuru: in ka fita da dabbar da ta amince da kai zuwa inda ake da abin da ya fi ta ƙarfi, aka yage ta, wa za a tambaya? Masu ruwa da tsaki uku ne, kare da naman dajin da ya kashe shi da mutumin da ya kai shi. Amsar da aka saba ji iri biyu ce. Wani ya ce kwanansa ne ya ƙare, ya kaɗe rigarsa ya nemi wani kwikwiyo. Wani kuma ya ce kura muguwa ce, ya nemi guba. Ina ganin amsoshin biyu hanya ɗaya suka bi, domin kowace ta tsallake wanda shi kaɗai ne cikin ukun aka ba hankali, kuma shi kaɗai ne shari'a take magana da shi.

Haɗarin ba tatsuniya ba ne, ko da yake manyan namun daji sun yi ƙaranci ƙwarai a arewacin Nijeriya. Zakunan da suka rage a ƙasar nan ba su kai 50 ba, kuma a gandun dajin Kainji da na Yankari kawai aka san da su. Amma ba zaki ne ke cin kare ba dama. Kura takan kai kilo 60 ko fiye, ninkin karen gida sau uku, muƙamuƙinta yana fasa ƙashin saniya, kuma binciken da Hans Kruuk ya yi a Tanzaniya ya wallafa a 1972 ya nuna cewa mafarauciya ce ta gaske, yawancin abin da take ci ita ke kashewa, ba mushe take jira ba kamar yadda tatsuniyoyinmu suka mayar da ita. Damisa kuwa kare yana cikin abincin da ta fi samu da sauƙi duk inda ta yi maƙwabtaka da mutane. A birnin Mumbai na Indiya, inda gandun dajin Sanjay Gandhi yake tsakiyar gidaje, an ƙiyasta cewa karnuka ne kusan kashi 40 cikin 100 na abincinta. Sai ƙananan da ba a cika lissafawa ba, alhali su suka fi kusa: bika mai fiƙa da ke farke cikin kare in an ƙure shi a kan dutse, gadu da haurensa, beguwa da ƙayarta, mesa, kada a bakin rafi, kasa da kububuwa cikin busasshen ganye, da kumurcin da ke tofa dafi a ido. A ƙasashen da ake kiwon kare don sha'awa an mayar da abin harkar kuɗi da doka. A jihar Wisconsin ta Amurka gwamnati tana biyan mafarauci har dala 2,500 in kerkeci ya kashe masa karen farauta, a Suwidin ana sa wa karnukan farauta rigar sulke, makiyayan Turkiyya kuma tun da daɗewa suke ɗaura wa karnukansu abin wuya mai ƙusoshi. Duk waɗannan dabaru suna faɗin abu guda, cewa mutane sun san haɗarin kafin su fita, kuma abin da aka sani kafin ya faru ba a kiransa tsautsayi tsantsa.

Mu fara da kura, tunda ita ake fara zagi. A fahimtar Musulunci laifi yana rataye ne da taklifi, wato ɗora umarni da hani a kan mai hankali, kuma dabba ba mukallafa ba ce. Hadisi ingantacce a Buhari da Muslim ya nuna cewa raunin da dabba ta yi da kanta babu diyya a cikinsa. Da raƙumar Barra'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, hukuncin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yanke, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, shi ne masu gonaki su tsare su da rana, masu dabbobi su tsare su da dare. Ba a yi wa raƙumar magana ba ko kaɗan. An raba aikin tsaro ne tsakanin mutane biyu. Mai karatu zai iya tuno hadisin da ke cewa ranar ƙiyama za a rama wa tunkiya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata, ya ce ashe dabba ma tana da hisabi. Imamu Nawawi ya yi bayani cewa wannan ramuwa ce ta daidaita al'amari, ba hukuncin mai laifi ba, tunda ba a ɗora musu komai ba. Kurar da ta ci kare ta yi abin da aka halicce ta a kai, da haƙoran da ba ita ta zaɓa ba, a dajin da ta riga karen zama. Akwai kuma wani abu a cikin ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da ya cancanci a tsaya a kansa. Da 'yan'uwansa suka nemi fita da shi kiwo, Annabi Yaƙub ya faɗa musu abin da yake tsoro, kuma bai tsaya ga ambaton kerkeci ba, sai da ya haɗa shi da gafalarsu. Abin da ke tsorata shi shi ne kerkeci ya zo a lokacin da hankalinsu ya tafi wani wuri. Da suka aikata abin da suka aikata kuma, wa suka ɗora wa? Kerkecin da bai san hawa ba bai san sauka ba, har da jinin ƙarya a jikin riga. Tun wancan zamani naman daji ya zama wanda ake jingina wa sakacin mutum da mugun nufinsa, don ba shi da bakin da zai musa. Hausawa sun gane haka daga wasan gardawa, shi ya sa suke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai batun ƙaddara, wanda ya fi wuyar taɓawa, domin gaskiya ne babu ran da zai fita sai da ajalinsa, na mutum ko na kare. Amma imani da ƙaddara bai taɓa zama hujjar barin sababi ba, kuma misalin da ya fi dacewa da makiyaya da manoma ya zo daga bakin Sayyidina Umar. Lokacin da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar juyawa daga Sarg, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa da cewa daga ƙaddara ake gudu zuwa ƙaddara, sannan ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk gefen da ya kai su da ƙaddarar Allah ya kai su, amma ba wanda zai ce zaɓin biyu daidai suke. Mai kare da ya san akwai kogon kura a gindin wani dutse, ya bi ta nan da almuru don hanya ta fi kusa, ya zaɓi gefen kwarinsa. Ƙaddara tana ba shi haƙuri bayan abin ya faru, ba ta goge tambayar da za a yi masa game da abin da ya yi kafin ya faru.

Dalilin da ya sa tambayar ta fi nauyi a kan kare fiye da sauran halittu yana cikin abin da muka mayar da shi. Dila in ya hango kura yakan ba ta hanya, zomo yakan gudu, kowane ɗan dawa yana da tsoron da ke tsare ransa. Kare ne kaɗai muka koya wa ya danne wannan tsoron. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, ta kuma danganta horon da ilimin da Allah ya ba mutum. Malaman fiƙihu da suka zo bayyana horarren kare sun ce shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an kira shi ya dawo, wasu suka ƙara da cewa in ya kama ba ya ci, yakan ajiye wa ubangidansa. A taƙaice dai horarren kare shi ne wanda ya bar son ransa ya bi naka. Idan ya tsaya gaban bika yana haushi maimakon ya arce, ba wautarsa ba ce, horonka ne yake aiki, kuma da ya fi biyayya sai ya fi shiga haɗari. Wata masaniyar falsafa 'yar Ingila mai suna Clare Palmer ta kafa hujja makamanciyar wannan a littafinta na 2010, inda ta ce abin da ke kanmu game da dabbar gida ya fi abin da ke kanmu game da dabbar dawa, saboda mu muka mayar da ta gida mai dogaro da mu, muka rage mata dabarun tsira. Fiƙihu ya riga ta isa wurin ta hanyar amana. Makiyayin da aka ba kiwo amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Kiristocin Zuru ma za su sami wannan ma'auni a babi na 22 na littafin Fitowa, inda aka ce mai jiran dabba in naman daji ya yage ta ya kawo gawar shaida ba zai biya ba, amma in an sace ta daga hannunsa zai biya. Babi na 12 na Karin Magana kuma ya sa kula da ran dabba cikin alamun adali. Don haka ba ina cewa duk karen da ya mutu a dawa ubangidansa ya yi zunubi ba. Maciji yakan sari dabba a tsakar gida ma. Abin da nake cewa shi ne tambayar sakaci ita ce tambayar, kuma mutum ɗaya ne za a iya yi wa ita.

A nan ne mai ja zai ce, duk wannan dogon bayani a kan kare? Dabbar da ake wanke ƙwarya sau bakwai in ta sa baki, wadda mala'iku ba sa shiga gidan da take, wadda ajiye ta ke rage lada kullum? Hadisan nan ingantattu ne, ba mai musun su, amma mazhabar da malaman ƙasar nan suka tashi a kanta ta karanta su da faɗi fiye da yadda ake ji a bakin titi. A wurin Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare da yawunsa, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil; wanke ƙwarya sau bakwai ibada ce da aka yi umarni da ita, ba don ƙazanta ba, kuma an ruwaito Imamu Malik yana mamakin yadda za a ci abin da kare ya kamo da bakinsa sannan a ƙyamaci yawunsa. Hadisin rage lada da kansa ya cire karen farauta da na kiwo da na gona, waɗanda su ne karnukan Zuru kusan duka. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a 996, ya kawo saɓanin malamai kan sayar da irin wannan kare, amma ya ce wanda ya kashe shi sai ya biya ƙimarsa. Abin da ya fi ƙarfi ma yana babin taimama, inda ba a zaton samun kare: matafiyi da ruwansa bai wuce na alwala ba, in ya ji tsoron ƙishirwa za ta halaka dabba mai alfarma da ke tare da shi, zai shayar da ita ya yi taimama, kuma masu sharhin Muhtasar sun sa karen da aka halatta ajiyewa cikin masu wannan alfarma. Shari'ar da ta yarda a bar alwala da ruwa don kada kare ya mutu da ƙishi, da wuya a ce ba ta damu a tura shi bakin kura ba gaira ba dalili. Ko da mutum ya bi ra'ayin Shafi'iyya da ke ganin najasar kare, najasa hukuncin tufa da jiki ne wajen sallah, ba ta ba kowa izinin wulaƙanta rai ba. Matar da hadisi ya ce ta shiga wuta saboda kyanwa ba yanka ta ta yi ba. Kulle ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Laifinta shi ne ta ɗauke wa dabba ikon kula da kanta sannan ta ƙi ɗaukar nauyinta, kuma wannan shi ne ainihin siffar mai karen da ya yi sakaci.

Jayayyar da ta fi wannan ƙarfi ta fito ne daga mafarauta da makiyaya, kuma ta cancanci a saurare ta da kyau. Za su ce aikin kare ke nan. An ajiye shi ne don ya shiga tsakanin garke da kura, don ya shiga ramin da mutum ba zai shiga ba. In za a tsare shi daga kowane haɗari to amfaninsa ya ƙare, gara a kiwata kyanwa. Gaskiya ne, kuma shari'a ba ta hana a sa dabba aiki mai wuya ba, kamar yadda ba ta hana a hau doki zuwa yaƙi ba. Amma ta yi wa izinin iyaka. Ibn Abi Zaid da ya halatta karen farauta ya ƙayyade shi da farautar neman abinci, ya fitar da ta nishaɗi. Kuma shi ɗin ba mai taurin kai ba ne a kan lafazi, domin malaman mazhaba sun ruwaito cewa da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro ya ajiye kare, da aka tuna masa Malik ya ƙi haka sai ya nuna cewa da Malik ya ga zamaninsu da ya ajiye abin da ya fi kare. Ma'auninsa buƙata ce. Karen da ya mutu yana kare awakin gida daga kura ya mutu a bakin aikin da aka halatta dominsa, ba a zargin ubangidansa, sai dai a tambaye shi ko ya gyara shingen garken, ko ya fito da fitila da ya ji haushi. Daban yake da karen da samari suka zuga a kan garken bika don a ga wanda nasa ya fi zuciya, ko wanda aka fita da shi da yunwa kwana biyu don ya ƙara zafin nama, ko wanda gadu ya farke aka bar shi yana jan hanji a dawa saboda ɗauko shi wahala ne. Akwai hadisi a Abu Dawud da Tirmizi da ya hana zuga dabbobi su yi faɗa. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma ma'anarsa ba wanda ya ja da ita, domin azabtar da rai ba don buƙata ba haramun ne ta hanyoyi da yawa. Farautar taro da ake yi da rani tana da zumunci da tarihi a cikinta, ban raina ta ba, sai dai jarumtar da ake nunawa da jikin wani ba ta cika jarumta ba.

Wanda ya yarda da abin da ya gabata yana iya zamewa zuwa ɗaya gefen, ya ce tunda kare amana ne, bari in share masa daji. Wannan tunani yana da masu goyon baya har cikin manyan masana. Jeff McMahan ya rubuta a jaridar New York Times a 2010 cewa da za a iya kawar da masu cin nama daga duniya ba tare da wata babbar ɓarna ba, da akwai dalilin yin haka don rage wahala. Sharaɗin da ya sa shi ne inda maganar take karyewa, domin ɓarnar ba ta taɓa rasa zuwa ba. A watan Disamba na 2015 an zuba guba a mushen saniya a Masai Mara ta Kenya don ramuwa a kan zakuna, zakuna suka mutu, ungulaye suka bi su. Guba ba ta tambayar wa ya ci kare. Dila zai ci, ungulu za ta ci, karen maƙwabci ma zai ci. A Indiya da maganin dabbobi diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu kafin a hana shi a 2006, mushe ya taru, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙara zama abin tsoro. A Mekelle ta Habasha kuwa bincike ya nuna kuraye suna cinye fiye da tan 200 na mushe da sharar mahauta a shekara, suna rage yaɗuwar cututtukan dabbobi. Addini ma bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Hadisi ya ba da labarin wani Annabi da tururuwa ɗaya ta ciza, ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah ya zarge shi da halaka al'umma mai tasbihi saboda cizon guda ɗaya. An halatta kashe dabba mai afka wa mutane, har ga mai harami, kuma Malik ya sa zaki da damisa da kerkeci a wannan sahu, amma ya fitar da waɗanda ba su saba afka wa mutum ba, irin su yanyawa da kurar ƙasar Larabawa, wadda ta fi tamu ƙanƙanta da tsoro. Dalilin izinin shi ne tunkuɗe cuta mai zuwa daga dabba sananniya. Kurar da ta saba shiga gari tana ɗaukar awaki, ta fara yi wa yara barazana, a kawar da ita. Wadda aka je aka tarar a kogonta, ba ta zo gidan kowa ba. Mutanen Zuru ba baƙi ba ne ga wannan fahimta, tunda a kurmin Girmache an daɗe ana zaune da kadoji ba a taɓa su, kowa ya san iyakarsa. Ba sai mutum ya yarda da aƙidar da ke bayan wurin ba kafin ya ga cewa zama kusa da mai haƙori abu ne da aka iya.

Wani abin da masu kuka da dawa ba su cika lura da shi ba shi ne cewa cutar tana tafiya ta ɓangare biyu. A 1994 wata cutar karnuka ta ɓarke a Serengeti ta kashe zakuna kusan 1,000, wajen kashi ɗaya cikin uku na zakunan yankin, kuma an danganta ta da karnukan ƙauyukan da ke kewaye. A tsaunukan Bale na Habasha ciwon haukan kare daga karnukan makiyaya ya sha rage kerkecin ƙasar, wanda dama bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Karen da ya yi faɗa da dila a dawa kuma yana iya dawowa gida da abin da ya fi rauni muni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma da zarar alamu sun bayyana sai dai a yi haƙuri. Cibiyar binciken dabbobi da ke Vom tana yin allurar rigakafinsa, Zuru kuma tana da Jami'ar Noma ta Tarayya tun 2020, don haka rashin sani ba zai daɗe yana zama uzuri ba. Yi wa kare allura, ɗaure shi da dare a inda shinge yake, kiran sa ya dawo kafin duhu, da wanke masa rauni, aiki ɗaya ne da ke tsare kare da yaran gida da namun dawa gaba ɗaya.

Saura jayayya ɗaya, wadda duk ɗan ƙasar Zuru yake da haƙƙin ya yi ta da fushi. Dajin da ake magana a kansa yau ba kura ake tsoro a cikinsa ba. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba suka kashe fiye da 60, a Nuwamban 2025 aka kwashe 'yan mata 25 daga makarantarsu a Maga, kuma akwai gonakin da masu su suka daina zuwa. A irin wannan hali, maganar ran kare tana iya zama kamar rashin ta ido. Ban ce ran kare ya kai na mutum ba, kuma shari'a ba ta ce haka ba. In ruwa ɗaya ne tsakanin yaro da kare, yaro za a ba. Amma ba a cika samun wannan zaɓi a gaban mai kare ba. Ɗaure kare da dare ba ya rage wa kowa tsaro, a ƙauyen da haushinsa ne ke fara sanar da baƙon dare ma ƙara shi yake yi. Sahabbai sun yi irin wannan mamaki da suka ji labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare da huffinsa, suka tambaya ko har dabbobi akwai lada a kansu, aka amsa musu cewa akwai a kan duk mai rai, kuma sun ji wannan amsa ne a zamanin da su ma suke fama da yaƙi da yunwa. Inda larura ta zo da gaske, ma'aunin sakaci da kansa yana sauke nauyin. Magidancin da aka tayar da tsakar dare ya goya ɗa ya ja wani ya nufi Ribah ko Zuru, ya bar karensa a kango, ba za a tambaye shi kare ba, domin ba shi ya zaɓi gefen kwarin ba. Tambayar sakaci a wannan dare ta koma kan waɗanda aka ba amanar tsare shi, shi da ƙauyensa.